Collins, Merriam-Webster ko Oxford: wane ƙamus ya dace da wasan kalmomin da kake yi?

A gindin darbejiya na fara gane cewa ƙamus suna ne kawai ya tara su, amma kowanne da aikinsa. Bayan La'asar ne, muna kewaye da allon Scrabble. Akwai wani dattijo a majalisarmu, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, shi ne alƙalinmu don shi ke da ƙamus, wani tsohon Oxford na masu koyo wanda bangonsa ya rabu da shi har sai da aka ɗaure shi da robar kuɗi. Z ta faɗo hannuna. Ga gidan da ke ninka harafi sau uku a buɗe, O na damansa, A na ƙarƙashinsa. Na ajiye ƙwayata. A kwance ZO, a tsaye ZA, maki 62 da ƙwaya ɗaya tak.

Malam ya sauke tabarau ya dube ni. "Yaro, Hausa muke yi ko Turanci? Gobe sai ka kawo mana TAFI."

Majalisa ta kwashe da dariya. Ya lashi yatsa ya buɗe shafukan ƙarshe, babu ZO, babu ZA. Na ce, "Malam, wallahi na gani a waya." Ya ce, "To, tashi ka je ku yi wasan da wayar." Haka na ɗauke Z ɗina, aka tsallake ni.

Malam bai zalunce ni ba, littafinsa ya bi. Ni ma ban yi ƙarya ba. ZO kalma ce karɓaɓɓiya a gasar Scrabble ta duniya, sunan wata dabba ce ta yankin Tibet, barbarar saniya da wani sa mai gashi na tsaunuka. ZA kuwa gajarta sunan abincin nan ne na Italiya, fiza. Matsalar ita ce mun ɗauko littafin koyon harshe mun naɗa shi alƙalin wasa. Duk wanda ke shirin kashe kuɗinsa ko lokacinsa a kan ƙamus saboda wasan kalmomi, wannan ne abin da zai fara warwarewa: hukunci yake nema ko ma'ana?

Littattafan hukunci guda biyu ne a duniyar Scrabble ta Turanci, kuma tarihin wasan ne ya raba su. Wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Alfred Butts, ya ƙirƙiro wasan a shekarun 1930, aka raɗa masa suna Scrabble a 1948. Yau kamfanin Hasbro ke da shi a Amurka da Kanada, Mattel kuma a sauran duniya. Amurka da Kanada suna gasarsu da jerin kalmomin da ƙungiyarsu ta NASPA ke fitarwa, wanda ake kira NWL, mai kalmomi sama da dubu 190. Mu da Ingila da Ostareliya da Ghana da Kenya da galibin sauran ƙasashe, Collins Scrabble Words muke bi, mai kalmomi kusan dubu 280. Tsofaffin 'yan wasa har yanzu za ka ji suna ce masa SOWPODS, sunan da yake amsawa kafin Collins su karɓi buga shi a 2007.

Ga ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ke son wasan ya wuce gindin bishiya, ba sai an ja magana ba, Collins ne. Da shi ake gasa a Najeriya, da shi kuma ɗan Najeriya Wellington Jighere ya ci kofin duniya a birnin Perth na Ostareliya a watan Nuwamban 2015, inda ya lallasa Lewis Mackay na Birtaniya wasa huɗu babu ko ɗaya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauko kambun. Kusan duk abin da ke cikin jerin Amurka yana cikin Collins, amma Collins ya ɗara shi da dubban kalmomin Sukotlan da Indiya da Afirka ta Kudu da Niyu Zilan da tsohon Turanci. Wanda ya haddace na Amurka ya zo gasa a nan, kalmominsa za su wuce, sai dai zai zauna yana kallon abokin karawa na zuba masa abubuwan da bai taɓa gani ba, bai san wadda zai ja da ita ba. A yawancin gasar da ake yi da Collins, in ka ja da kalma ta tabbata daidai ce, maki biyar za a ƙara wa abokin karawarka. A tsarin Amurka kuwa yinka gaba ɗaya za ka rasa, shi ya sa can ake yawan cin mutum da burga.

Inda bambancin ya fi cizo shi ne a ƙananan kalmomi. Mutane suna zaton dogayen kalmomi ne ke cin wasa, alhali masu haruffa biyu su ne ƙofofin allo; da su ake jingina sabuwar kalma a jikin tsohuwa a ci maki ta fuska biyu ko uku. Collins yana da 127, jerin Amurka yana da 107. Ashirin ɗin nan da ke tsakani, ZO na cikinsu, da JA, da KO, da irin su CH da GU da NY da ba su yi kama da kalma ba sam.

A nan Bahaushe ya tsinci dami a kala. Ka faɗi wannan jimla: ka zo da ja. KA, ZO, DA, JA, duka huɗun Collins ya karɓa. Ya ba mu: YA, BA, MU, sun wuce, har a jerin Amurka. Za ta ki, ko na ba ka, ma, ne, fa, ai, to, so, an, in, duk suna ciki. Ma'anarsu a can daban ce, ba shakka. KA da BA sunayen ruhi ne a aƙidar Misirawan dauri, MU harafin Girkanci ne, KO sandar haƙa ce ta mutanen Mawori, TA kuwa godiya ce ta bakin titin Ingila. Amma wa ya tambaye ka ma'ana a kan allo? Abin da Bature zai kwana yana nanatawa, kai da shi ka tashi.

Sai dai garaɓasar tana da tarko a gindinta, kuma na faɗa ciki. Da hannu ya saba, sai na fara ajiye duk abin da bakina ya sani. Wata rana na sa KU da ƙarfin gwiwa, aka duba, babu. NI babu, SU babu, WA, GA, CI, SA, CE, KE, YI, duk babu. Don haka haddar Bahaushe kashi biyu ce: ya san 'yan gidan da aka bari su shiga, ya san waɗanda aka tsayar a ƙofa. Na rubuta na biyun a bayan katin waya na sa a aljihu, sati guda suka zauna.

Garaɓasa ta biyu ta fi wannan daɗi. Q ɗaya ce a cikin ƙwayoyi 100, makinta goma, U kuma huɗu ne kacal, ga shi a Turancin makaranta Q ba ta tafiya sai da U. Wanda Q ta maƙale masa a ƙarshen wasa ya san zafinta. Mafita ita ce kalmomin da ke da Q babu U a bayanta, kuma da yawansu Larabci ne da muke furtawa kullum. QADI alƙali ne. FAQIR faƙiri. NIQAB niƙabi, QIBLA alƙibla, SUQ kasuwa. Collins ya ƙara da WAQF, wato waƙafi, da FIQH, fiƙihu, da TALAQ, sakin aure. Ɗan Ingila zai haddace su kamar lambar waya, almajiri kuwa rubutunsu kawai zai koya. Haka ZAKAT da HAJJ da HIJAB da IMAM. Kuɗinmu ma suna ciki, NAIRA da KOBO, da CEDI na Ghana. MALLAM ma Collins ya san da shi, abin da na yi ta zolayar dattijonmu da shi daga baya.

To ina matsayin ƙamus ɗin Merriam-Webster na Scrabble, wanda ake yawan cin karo da shi a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai? Wannan na Amurka ne, an fara buga shi a 1978, bugu na bakwai ya fito a 2022. Yana da abin yabo: ƙarami ne, ba ya da nauyi, kowace kalma da 'yar gajeriyar ma'anarta a gefe, kuma an tace shi daga ashar don a yi amfani da shi a gida da makaranta. Amma ya tsaya ne a kalmomi masu haruffa biyu zuwa takwas, kuma ba shi ne ainihin jerin gasa ba ko a Amurkar. In wasanku na iyali ne da yara, ba ku da niyyar zuwa ko'ina, zai raba muku gardama lafiya lau, kuma yaro zai tashi da ɗan abin da ya koya. In akwai mai burin gasa a cikinku, zai koya masa cewa ZO da WAQF kuskure ne, wanda nan gaba sai ya sake warware shi.

Ko Collins ɗin ma a duba shekara kafin a biya. Ana sabunta shi: 2007, 2011, 2015, 2019, 2021, 2024. A 2019 ne OK da EW da ZE suka shiga. A 2021 kuwa cirewa aka yi, aka fitar da kalmomin cin zarafi da wariya guda 419, lambar da ɗan Najeriya ba zai manta ba. Tsohon bugu mai araha zai iya sa ka ajiye kalmar da aka kora, ko ka ja da wadda aka shigo da ita. A lura kuma Collins suna buga iri biyu, akwai wanda jerin kalmomi ne zalla, shafi bayan shafi babu bayani, akwai mai taƙaitacciyar ma'ana. Mutum ya buɗe ya gani da idonsa kafin ya miƙa kuɗi, kada ya kai gida ya tarar ya sayo abin da ya fi kama da rajistar masu zaɓe.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi muhimmanci, musamman ga iyayen da ke sayen Scrabble don Turancin yaro ya gyaru. Jerin kalmomi ba ya koyar da harshe. Hujja a kan haka mutum ne mai rai: Nigel Richards, ɗan Niyu Zilan, wanda ake ganin ba a taɓa yin kamarsa a wasan ba. A 2015 ya ci gasar duniya ta Scrabble ɗin Faransanci ba tare da yana jin Faransanci ba, a 2024 ya maimaita da Sifaniyanci. Kalmomin ya haddace kamar zane. Wannan baiwa ce, amma ba za ta rubuta maka takardar neman aiki ba. Har ma jerin yana iya ɓata ɗalibi. ADVICES da LUGGAGES karɓaɓɓu ne a kan allo, amma yaro ya rubuta su a jarrabawar WAEC ya ga jan biro.

Nan ne littafin Malam ke da ranarsa. Oxford Advanced Learner's Dictionary, aikin A. S. Hornby wanda Oxford suka fara bugawa a 1948, bugu na goma ya fito a 2020, an yi shi ne musamman don wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Zai gaya maka yadda ake furta kalma, ko ana jam'inta ko ba a yi, wace ƙaramar kalma ke bin ta, ya kuma sa ta cikin jimla ka gani. A matsayin alƙalin Scrabble kuwa kullum sai ya jawo faɗa. Ba shi da dubban kalmomin da gasa ta yarda da su, yana kuma ɗauke da abubuwan da wasa ya haramta, irin sunayen da ke farawa da babban harafi, da gajerce-gajerce irin BBC, da masu karan ɗori a tsakiya. Ba ya kuma jero kowane jam'i da kowace siffar aikatau, sai a tsaya ana musu ko za a iya liƙa wa kalma S. Rabin gardamar majalisarmu a kan S ɗin nan ce.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar. A Janairun 2020 babban Oxford English Dictionary, wanda daban yake da na masu koyo, ya shigar da kalmomin Najeriya irin su danfo da okada da buka da Kannywood. Tun daga lokacin ake samun mai ajiye kalmar gida a kan allo yana cewa ai Oxford ta karɓa. Karɓar Oxford ba ta sa kalma ta halatta a Scrabble; sai ta bayyana a bugun jerin da kuke wasa da shi. Kannywood kuwa suna ne mai babban harafi, ba ta da hanya.

Idan wasanka na cike gurbi ne, wanda ake ba ka bayani ka nemo kalmar da za ta cika gidaje a kwance da tsaye, lissafin ya juye gaba ɗaya. Tun da Arthur Wynne ya buga na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamban 1913, wannan wasa na ma'ana ne. Haddar Collins ba za ta tsinana maka komai ba in ba ka san BANK na nufin banki kuma na nufin gaɓar kogi ba. Salon Ingila ma ya fi zurfi, kacici-kacici ne tsantsa. Mai shirya wasan zai rubuta FLOWER, kai kana ta laluben sunayen furanni, shi kuwa abin da ke gudana yake nufi, wato kogi, amsar ta zama NILE ko NIGER. Zai rubuta NUMBER, kana neman lamba, ashe maganin kashe zafi yake nufi, abin da ke sa jiki ya mutu. Wanda ya taso da "ƙulin ƙulifita" zai ji daɗin wannan, don dabara ɗaya ce: a nuna maka gabas, abin yana yamma. Ka lura kuma sunayen wurare da mutane halas ne a nan, KANO ma na iya zama amsa.

Masu wannan salo a Ingila The Chambers Dictionary suka fi riƙewa, don yana tara tsofaffi da baƙin ma'anoni waɗanda masu shirya wasan ke tonowa. Amma ba zan ce mai farawa ya saye shi ba. Yana da tsada, samunsa a nan sai an yi oda, kuma bayaninsa na wanda ya riga ya iya Turanci ne. Oxford na masu koyo tare da littafin kalmomi masu ma'ana ɗaya, irin wanda Peter Mark Roget ya fara fitarwa a 1852, sun ishi mutum shekara biyu ko uku. Ƙamus na Turanci da Hausa, kamar na Neil Skinner, yana taimakawa wajen kama ma'anar farko da sauri, sai dai ma'ana ta uku da ta huɗu da wasan ke ɓuya a cikinsu ba lalle ka same su a can ba.

Wordle kuwa, wasan cankar kalma na intanet, bai cancanci a sayi komai saboda shi ba. Josh Wardle ya sake shi a 2021, jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022. Haruffa biyar, gwaji shida, kalma ɗaya a rana. Asalin jerin amsoshinsa kusan kalmomi 2,300 ne na yau da kullum, kodayake yana karɓar dubbai fiye da haka a matsayin gwaji. Ɗan Scrabble yakan cuci kansa a nan, ya ɓata gwaji a kan wata baƙuwar kalma da ba za ta taɓa zama amsa ba. Abu biyu kawai za ka riƙe: rubutun Amurka yake bi, shi ya sa ranar da amsa ta zama FAVOR 'yan Ingila suka yi ta ƙorafi, mu ma da aka koya wa FAVOUR abin ya shafe mu, sannan jam'i mai S a ƙarshe ba ya cika zama amsa.

Saura batun takarda ko waya. Da yadda littafin waje ya yi tsada yanzu, ga mai Scrabble waya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Collins suna da wurin duba kalma a shafinsu na intanet kyauta. Manhajar Zyzzyva, ita ma kyauta, ita ce abin haddar 'yan gasa a kwamfuta: za ta watso maka haruffa a hargitse ka nemo kalmomin da ke ciki, wadda ka faɗi ta yi ta dawo maka da ita har ta zauna. Ka ba ta A, E, I, N, R, S, T, za ta nuna maka kalmomi 11 a Collins, 9 a jerin Amurka, daga RETAINS da NASTIER da kowa ya sani zuwa STARNIE da sai ɗan gasa. Irin waɗannan ne ke kawo garaɓasar maki 50 ta zubar da ƙwayoyi bakwai a lokaci guda. A shafin Woogles kuma za ka yi wasa da mutane kyauta, ka zaɓi jerin da kake so. Ka tabbata ka zaɓi CSW, wato jerin Collins. Abin da za a kiyaye shi ne wasannin waya masu kama da Scrabble, irin Words With Friends, suna da nasu jerin daban, kalmar da ta wuce a can ba hujja ba ce a kan allo.

Takarda tana da abu ɗaya da waya ba ta da shi. In ka buɗe Oxford kana neman kalma, idonka zai faɗa kan ta sama da ta ƙasa, ka fita da uku maimakon ɗaya. Ba ta kuma neman caji ko data. Da kuɗin littafi ɗaya ne a hannuna, ga yara 'yan makaranta a gida, Oxford na masu koyo zan saya, in bar wa waya aikin alƙalanci. Wanda kuma ya riga ya iya Turancinsa, gasa yake hari, ya bar sayen ƙamus tukuna, ya buga kalmomi 127 ɗin nan a takarda ɗaya, ya bi su da masu haruffa uku, sannan masu Q da Z da J da X.

A majalisarmu dai an yi sulhu. Kafin a zuba ƙwaya ake faɗin jerin da za a bi, waya ɗaya ce ke hukunci, kuma ba a taɓa ta sai an ja da kalma. Malam ya amince da sharaɗi guda: duk wanda ya ajiye kalma sai ya faɗi ma'anarta, in ya kasa makinsa na nan, amma shayin ranar a wuyansa yake. Oxford ɗin nan mai robar kuɗi har yanzu yana zuwa, yana gefen tabarma. Makon jiya Q ta maƙale wa Malam, ƙwayoyi sun kusa ƙarewa, U duka huɗun suna kan allo, ni kuma ina ta murna a ciki. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya jera W, A, Q a gaban wata F da na bari a buɗe.

Na ce, "Malam, Turanci muke yi ko Larabci?"

Ya ce, "Duba wayarka, yaro. Ma'anar kuma in kana so, sai ka biyo ni zaure bayan Magariba."